Littafin Aiki: Zaɓen Manhajar da Za Ta Riƙe Shafin Wata Ƙaramar Cibiya

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Yau muka yi zaman farko da mai aikin, wata malama da ke gudanar da ƙaramar cibiyar koyar da harsuna. Na buɗe wannan littafi ne domin in riƙa rubuta abin da na yanke tare da dalilinsa, saboda na sha kama kaina bayan wata shida ina tambayar me ya sa na yi abu kaza, amsar kuwa ta riga ta ɓace mini. Shafin da take buƙata ba babba ba ne: shafin farko, bayani a kan cibiyar, jerin darussa da jadawalinsu, wurin sanarwa, hotuna kaɗan, da fom ɗin tuntuɓa. Duka-duka shafuka 12 ne, cikin Hausa da Turanci. Akwai kuma tsohon shafi da wani ya gina mata shekarun baya, mai ɗauke da sanarwa 84 da take so a kwaso su zuwa sabon.

Tambayar da ta fi kowacce amfani ita ce wadda na yi a ƙarshe. Na ce, "Malama, idan na miƙa aikin na tafi, wa zai riƙa sauya abin da ke ciki?" Ta ce sakatarenta ne, kuma yawancin aikinsa a waya yake yi, domin kwamfutar ofis ɗaya ce kuma kullum akwai mai amfani da ita. Jadawalin darussa yana canzawa kusan kowane wata. Tsohon shafin ya tsaya cik ne tun ranar da maginin ya daina amsa saƙo, har yau lokutan darussan shekaru uku da suka wuce ne a kansa.

Mun daidaita a kan awa 40 na aiki, na ware 6 daga ciki don zaɓen manhajar gudanar da shafi.

Talata, 6 ga Mayu

Na shiga asusun masaukin da take biya duk shekara. Masauki ne na haɗaka, irin wanda ɗaruruwan shafuka ke zaune a kan saba guda, wato kwamfutar da ke riƙe da shafuka a intanet. Akwai harshen shirye-shirye na PHP da rumbun bayanai na MariaDB, babu Node.js, wanda wasu manhajoji ke gudana a kansa, babu kuma damar shiga sabar kai tsaye ta SSH. Na tarar da shi a kan PHP 7.4, wanda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Nuwamba 2022, amma an ba da zaɓin komawa 8.3, sai dai ba zan taɓa shi yanzu ba, domin da wuya tsohon shafin ya jure. Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt tana nan, kyauta ce, kuma masaukin yana sabunta ta da kansa kafin kwana 90 ɗinta su cika.

Wannan dubawa ta cire manhajar Ghost daga lissafi tun kafin in gwada shi. Ghost yana gudana ne a kan Node.js, kuma ƙarfinsa yana wajen wallafa rubutu da aika wasiƙun labarai ga masu rajista, abin da cibiyar ba ta nema ba. Canza masauki saboda shi zai ƙara mata kuɗin shekara ba tare da riba ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Malama ta kira ta ce wani ya ba ta shawarar Wix, ko me na gani? Na faɗa mata gaskiya: Wix da Squarespace, kamfanonin da ake gina shafi a dandalinsu, suna ɗauke wa mutum nauyin sabuntawa da tsaro baki ɗaya, kuma ga wanda ba shi da kowa da zai kula masa da shafi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma zaman haya ne. Shafin da aka gina a Wix ba a ɗaukarsa a kai wani masauki, Squarespace kuma yana barin a fitar da wani sashe na rubutun ne kawai, zubin shafin yana nan a wurinsu. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce an taɓa riƙe mata makullin shafinta sau ɗaya, ba ta son ta sake zama a wurin da ba za ta iya kwashe kayanta ta fita ba. Na rubuta wannan a matsayin sharaɗi daga bakinta, ba daga nawa ba.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na tattara rubutun shafuka 12 da hotuna a folda guda. Fassarar Turanci ta shafuka 3 ba ta iso ba tukuna.

Litinin, 12 ga Mayu

Dole in amsa a nan cewa zuciyata tana wurin Hugo tun ranar farko. Steve Francia ne ya fara shi a 2013, an rubuta shi da harshen Go, kuma aikinsa shi ne ya ɗauki rubutun da aka yi da Markdown, wato rubutu zalla mai 'yan alamomin tsari, ya mayar da shi shafukan HTML gamammu, waɗanda ba sa buƙatar rumbun bayanai ko PHP. Shafin da babu abin da ke gudana a bayansa yana buɗewa da sauri, kuma mai kutse ba ya samun ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Harsuna biyu ma yana ɗaukarsu ba tare da wani ƙari ba. Cikin awa biyu na tayar da samfurin shafin gaba ɗaya, na ji daɗin aikin ƙwarai.

Matsalar ita ce Hugo ba shi da allon da sakatare zai shiga ya yi rubutu. Na ɗora masa Decap CMS, wanda a da ake kira Netlify CMS kafin a sauya masa suna a 2023. Yana ba da allon rubutu a burauza, amma a ƙarƙashinsa kowane gyara yana tafiya ma'ajiyar Git, wadda ke adana tarihin kowane sauyi, daga nan a sake gina shafin, sannan a tura shi masauki. Matakai uku ke nan, kowanne a hannun wani kamfani dabam, kuma duk ranar da ɗaya ya tsaya, ni kaɗai ne na san inda za a duba. Na bar shi a cikin waɗanda za a gwada, amma na sa masa alamar tambaya.

Laraba, 14 ga Mayu

Na girka Drupal da Joomla a kwamfutata.

Drupal, wanda Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam ya fitar a 2001, shi ne mafi iya tsara bayanai a cikinsu. Za a iya ƙirƙirar nau'in bayani mai suna "darasi", a ba shi gurabensa na rana da lokaci da malami, a fassara kowane gurbi, duk da kayan da suka zo tare da shi. Sai dai tun daga Drupal 8 na 2015, hanyar da aka fi amincewa da ita wajen girka shi da sabunta shi ita ce Composer, kayan aikin da ake sarrafawa da umarnin rubutu, ga shi kuwa masaukin nan bai ba da SSH ba. Ina kuma tuna cewa Drupal 7 ya kai ƙarshen wa'adinsa ranar 5 ga Janairun bana, kuma masu ƙananan shafuka da yawa sun ga cewa ƙaura daga gare shi kusan sabon gini ne. Don shafuka 12, kayan sun fi aikin nauyi. Na ajiye shi.

Joomla ya fi ba ni mamaki. Ya balle ne daga Mambo a 2005, sunansa kuma daga kalmar Swahili "jumla" aka samo shi, wato gaba ɗaya, kalmar da mu ma muke da ita a matsayin jimla. Harsuna da yawa suna cikin ainihin manhajar, ba sai an nemo ƙari ba, kuma tsarin izini nasa yana da zurfi. Abin da ya ba ni aiki shi ne yadda rubutu da rukuni da menu suke rabe, ta yadda sabon shafi ba ya bayyana sai an haɗa shi da menu na harshensa. Da na fahimci tsarin sai na ga hikimarsa, amma ban san yadda zai zauna a kan mutumin da zai shiga sau biyu a wata ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Grav da WordPress. Grav yana aiki da PHP amma ba ya amfani da rumbun bayanai, kowane shafi fayil ne na Markdown a cikin foldarsa, fassararsa kuma fayil ne na biyu a gefensa, mai ɗauke da alamar harshe a sunansa. Kwafin ajiya a nan bai wuce kwafe folda guda ba. Masaukin da ake da shi zai ɗauke shi yadda yake. WordPress kuwa na san shi ciki da bai, ban ɓata lokaci ba.

Awa 6 da na ware sun riga sun zama 9. Uku na ƙarin a kaina suke, domin wasa da Hugo ne ya cinye su, ba zan caje ta ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Ranar gwaji, kuma ita ce ta raba gardama. Na ɗora samfura huɗu a ƙananan adireshin gwaji: Hugo da Decap, Joomla, Grav, da WordPress. Na zauna gefen sakataren, na ce ya yi amfani da wayarsa kamar yadda zai yi idan ba na nan, na ba shi ayyuka uku: ya sauya lokacin wani darasi a jadawali, ya wallafa sanarwa da hoto, sannan ya gyara kuskuren rubutu a shafin Turanci. Na yi wa kaina alkawarin ba zan ce uffan ba sai ya nemi taimako, wanda ya fi mini wuya fiye da yadda na zata.

A Decap ya yi gyaran cikin sauƙi, ya danna wallafa, ya koma shafin ya ga babu abin da ya canza, domin ana kan sake gina shi. Sai ya koma ya sake yin gyaran, ya sake dannawa. Kafin minti biyu su cika ya aika gyara iri ɗaya sau uku. Ya dube ni ya ce, "Malam, ya shiga ko bai shiga ba?" Ba ni da amsar da za ta gamsar da mutumin da ya saba ganin saƙonsa ya tafi nan take.

A Grav ya wallafa sanarwa ba tare da matsala ba, amma jadawalin ya kayar da shi. Tebur a Markdown ana zana shi ne da sanduna a tsaye da layukan karan-ɗori, kuma a ƙaramin allon waya layi guda yana karyewa gida uku. Ya goge sanda ɗaya bisa kuskure, teburin ya watse ya zama tarin rubutu. Laifin nawa ne rabi, domin Grav yana ba da damar a tsara fom na musamman da zai ɓoye masa duk waɗannan alamomi, ni ne ban yi ba.

A Joomla ya gama aiki na farko da na uku, a na biyu kuma ya wallafa sanarwar ba tare da ya zaɓi harshe da rukuni ba, don haka ba ta fito inda ya kamata ba. Ya yi ta nema, daga ƙarshe ya tambaya.

A WordPress ma bai tsira ba. Editan tubala da ya zo da WordPress 5.0 a Disamba 2018 yana ba mai rubutu 'yanci da yawa, kuma da yatsa ɗaya ya ja kan rubutun ya kai shi ƙasan hoto ba da niyya ba. Bambancin shi ne ya gane abin da ya faru, ya nemo kibiyar komawa baya da kansa, ya gyara. Da na tambaye shi a ƙarshe wanne zai yarda ya shiga shi kaɗai ranar da Malama ke jiran sanarwa ta fita, wannan ya nuna.

Talata, 20 ga Mayu

Na kwana ina juya maganar, domin tsakanin Grav da WordPress gwajin jiya bai isa hujja ba. Da na gyara fom ɗin jadawali, mai yiwuwa Grav ya ci. Abin da ya rinjaye ni shi ne labarin da Malama ta ba ni ranar farko. Ni ma wata rana zan iya zama maginin da ba ya amsa saƙo, ko don rashin lafiya ko don wani aiki ya ɗauke ni. A wannan rana tana buƙatar shafin da duk wani mai wannan sana'a zai buɗe ya gane. Bisa ƙididdigar W3Techs, fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kan WordPress suke, wanda ke nufin samun wanda zai gaje ni ba zai yi mata wuya ba. Wannan yawan ne kuma ya sa masu kutse suka fi fakonsa, kuma mafi yawan ramukan da ake samu a fulogin suke, wato ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, ba a ainihin manhajar ba.

Don haka na zaɓi WordPress da sharuɗɗa a kaina. Fulogin ba za su wuce biyar ba. Ba zan sayi zubin nan mai ɗauke da komai da komai ba, ba kuma zan sa manhajar ja-ka-ajiye ta gina shafi ba. Jadawali ba zai zama tebur da ake gyarawa da hannu ba, zai zama gurabe da ake cikewa. Na rubuta mata wannan a shafi guda, ta amince.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ranar da ta fi kowacce cin rai zuwa yanzu. Na fitar da rumbun bayanan tsohon shafin, na rubuta ɗan shiri da ya kwashe sanarwa 84 zuwa sabon, na buɗe ta farko sai na ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗalibai" kuma ta koma "É—alibai". Duk inda ɓ ko ɗ ko ƙ suke, haka abin yake, alhali a tsohon shafin rubutun yana fitowa daidai.

Na ɗauki kusan awa biyu kafin in gano tushen. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi a matsayin lambobin da ake kira bait, harafin ƙ bait biyu ne, C6 da 99. Wanda ya gina tsohon shafin ya bar rumbun a kan tsarin latin1, wanda ke ɗaukar kowane bait a matsayin harafi guda, C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™. Shekara da shekaru shafin yana zuba UTF-8 a rumbun da ke zaton latin1 ake ba shi, yana kuma karɓo shi ta hanyar da ya zuba, shi ya sa kuskuren biyu suka rufa wa juna asiri. Ni da na zo fitarwa, sai kayan aikin ya yi abin da ya ga daidai ne, ya "fassara" kowane bait zuwa UTF-8, ya tabbatar da ɓarnar.

Da farko na so in bi ta gajeriyar hanya, in nemo kowane Æ™ in musanya shi da ƙ. Na fara, sai na tuna akwai manyan haruffa, akwai ƴ, akwai alamomin zance masu lanƙwasa, kuma ba zan taɓa tabbatar da na kama su duka ba. Na tsaya. Na ɗora rumbun a kwamfutata, na sake fitar da shi ina gaya wa kayan aikin cewa latin1 nake so, domin kada ya taɓa bait ko ɗaya, sannan na sauya shelar da ke kan fayil ɗin zuwa utf8mb4, tsarin da WordPress ke amfani da shi tun fitowar 4.2 a 2015, na sake shigarwa. Sanarwa 73 suka dawo lafiya. Sauran 11 an rubuta su ne tun asali da k' da d' da b', wato da waƙafin sama maimakon ƙugiya, waɗannan na gyara su da hannu. Awa 5 suka tafi, ban kuma sa su a lissafin farko ba.

Litinin, 26 ga Mayu

Ƙugiya ta sake tare ni ta wata ƙofar. Salon haruffan da na zaɓa don kanun rubutu ba shi da ɓ da ɗ, don haka burauza tana aro su daga wani salon, sai ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa siriri a tsakiyar kalma. Dalili shi ne a Unicode ƙ da ƴ suna wani rukuni, ɓ da ɗ kuma suna rukunin haruffan furuci, wanda masu zana haruffa da yawa ba sa kaiwa gare shi. Na koma Noto Sans, na ajiye fayilolinsa a masaukinmu, na tabbatar da cewa wajen rage musu nauyi ban yanke waɗannan haruffa da manyansu ba. Daga yau jimlar gwajina ta farko ga kowane salo za ta ƙunshi huɗun duka.

Talata, 27 ga Mayu

Na rubuta ƙaramin fulogin na kaina da ke ƙirƙirar nau'in "darasi" da gurabe biyar: suna, mataki, rana, lokaci, da malami. Jadawalin yana haɗa kansa daga waɗannan. Ina cikin aikin na lura cewa a rana irin ta yau a 2003 ne Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress na farko, daga wata manhajar rubutu da ake kira b2/cafelog. Har yanzu asalin nan yana bayyana, domin duk abin da ba sanarwa ba ne ko shafi, sai ka koya masa.

Laraba, 28 ga Mayu

WordPress bai zo da tsarin harsuna biyu ba, a nan Joomla da Grav suka fi shi, kuma na san da haka lokacin da na zaɓa. Na sa Polylang na kyauta, na haɗa kowane shafin Hausa da takwaransa na Turanci. Adireshin shafuka kuma na rubuta su da haruffa marasa ƙugiya, saboda idan aka kwafi mahaɗi mai ƙ aka aika wa wani, %C6%99 ne ke fitowa a wurinta. Fassarar nan uku ta iso.

Asabar, 31 ga Mayu

Hotuna. Waɗanda aka ba ni daga waya suke, wasu sun haura megabait 6. WordPress tun 5.3 yana rage duk hoton da ya wuce fiksel 2560, amma hakan ma ya yi yawa ga shafi irin wannan. Na saukar da iyakar zuwa 1600, na mayar da tsofaffin zuwa WebP, tsarin hoto marar nauyi. Shafin farko ya sauko daga kusan megabait 9 zuwa ƙasa da 1.

Litinin, 2 ga Yuni

Na gwada fom ɗin tuntuɓa sau biyar, saƙo biyu suka faɗa akwatin tarkace, uku ba su iso ba sam. Kuskuren nawa ne: na saita fom ɗin ya sa adireshin mai rubutu a matsayin mai aikawa, wato sabarmu tana aika wasiƙa da sunan adireshin da ba nata ba, wanda a idon masu karɓa sojan gona ne. Tun Fabrairu 2024 Gmail ya wajabta wa duk mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM, bayanan da ake sa wa a rajistar adireshin shafi don shaida cewa sabar tana da izinin aikawa da sunansa. Na buɗe akwatin imel a kan adireshin cibiyar, na sa fom ɗin ya aika da shi ta SMTP, wato hanyar aika imel ta sabar wasiƙa, adireshin mai rubutu kuma ya koma gurbin mayar da amsa. Na ƙara bayanan biyu. Gwaji goma, goma suka iso. Fulogin sun zama huɗu: nawa, na harsuna, na fom, da na aika wasiƙa.

Laraba, 4 ga Yuni

Na sa wani fulogin na jera hotuna saboda Malama ta ga irinsa a wani wuri ta so. Da na ɗaga shafin gwaji zuwa PHP 8.3, shafin hotuna ya koma fari fat. Littafin kurakurai ya nuna fulogin ɗin yana kiran wani aiki da aka cire tun PHP 8.0, da na duba kuma sai na ga fiye da shekara uku ba a sabunta shi ba. Kafin girkawa ya kamata in duba wannan. Na cire shi, na yi amfani da tubalin hotuna da ya zo da WordPress, na nuna mata a waya, ta ce ba ta ga bambanci ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Fulogin na biyar shi ne na kwafin ajiya, na saita shi tun makon jiya, kullum yana aiko da saƙon cewa ya yi nasara. Yau na ce bari in gwada dawo da shafin daga kwafin a kwamfutar da babu komai a kanta. Rubutu ya dawo, jadawali ya dawo, hoto ko ɗaya babu. Ashe lokacin da nake gwaji na cire foldar hotuna daga abin da ake kwafa don aikin ya yi sauri, na manta ban mayar ba. Na kuma lura cewa kwafin yana zaune ne a kan sabar da shafin yake, wanda ke nufin idan masaukin ya lalace, da shafin da ajiyarsa tare za su tafi. Na gyara duka biyun: rumbun bayanai kullum, fayiloli duk mako, kuma ana tura su ma'ajiyar intanet da ke ƙarƙashin asusun Malama, ba nawa ba. Na sake gwadawa, cikin minti 25 shafin ya tashi cikakke. Na rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya don wanda zai zo bayana.

Laraba, 11 ga Yuni

Koyarwa, awa ɗaya da rabi. Sakataren ya sami matsayin edita, wanda ke ba shi damar rubutu da wallafawa amma ba ya ganin fulogin ko zubi. Na kulle tsarin shafin sanarwa ta yadda kai da hoto ba sa matsawa daga wurinsu. Malama ce ke riƙe da asusun mai gudanarwa, da asusun masauki, da rajistar adireshin, duka da sunanta da imel ɗinta. Nawa asusun daban ne, tana iya goge shi ranar da ta so. Na maimaita masa ayyuka ukun nan na 19 ga Mayu, ya gama su cikin minti 7 bai tambaye ni komai ba. Ya roƙi in rubuta masa matakan a takarda guda da hotunan allo, na yi alkawarin Juma'a.

Juma'a, 13 ga Yuni

Shafin ya fito. Na sauya adireshin gwaji zuwa na gaskiya a cikin rumbun bayanai da WP-CLI, kayan aikin sarrafa WordPress da umarnin rubutu, a kwamfutata, domin WordPress yana ajiye wasu saituna tare da adadin haruffansu, kuma musanya ta hannu tana lalata su. Na ajiye tsohon shafin a gefe, na ɗaga masaukin zuwa PHP 8.3, na sa turawa ta dindindin mai lamba 301 daga tsofaffin adireshin sanarwa 84 zuwa sababbi. Biyu sun kuskure saboda tsohon adireshinsu yana da ƙugiya, na gyara. Na miƙa takardar sakataren.

Litinin, 16 ga Yuni

Cikin kwana uku littafin sabar ya nuna ɗaruruwan yunƙurin shiga da kalmomin sirri na kame-kame, duk daga na'urori masu yawo, abin da na sa rai. Na rufe xmlrpc.php, wata ƙofar da manhajoji ke shiga WordPress daga waje, tunda ba ma amfani da shi, na kashe damar gyara fayilolin manhaja daga allon gudanarwa, na kuma kunna iyakance yunƙurin shiga daga ɓangaren masauki don kada in ƙara fulogin na shida. Ƙananan sabuntawar tsaro na ainihin WordPress suna shiga da kansu, tsarin da ke nan tun 3.7 a 2013. Na fulogin na bar su a hannuna, zan riƙa gwada su a shafin gwaji ranar Litinin ta farkon kowane wata.

Lissafin awanni ya tsaya a 51. Na cire 3 na Hugo, da 2 na fulogin ɗin hotuna, da 1 na kwafin ajiya, saboda kurakuraina ne. Awa 5 na gyaran haruffa mun yi magana da Malama, ta ce a raba biyu. Mun kuma amince da awa ɗaya a wata don kulawa, na tsawon shekara, sannan a sake dubawa.

Sakataren ya wallafa sanarwarsa ta farko da safiyar yau ba tare da ya kira ni ba, amma ya aiko da wata matsala da ban hango ba. Ya rubuta "karamin aji" a akwatin bincike bai sami komai ba, alhali akwai sanarwa huɗu masu "ƙaramin aji". Rumbun bayanai yana ɗaukar k da ƙ haruffa ne mabambanta, kuma hakan daidai ne, sai dai yawancin masu ziyara ba za su rubuta ƙugiya a wayarsu ba. Abin da nake tunani shi ne fulogin ɗina ya riƙa ajiye kwafin kowane rubutu marar ƙugiya a ɓoyayyen gurbi, a kuma cire ƙugiya daga abin da mai bincike ya rubuta kafin a nema, duk da cewa hakan zai sa "kasa" da "ƙasa" su riƙa fitowa tare. Zan gwada a shafin gwaji ranar Alhamis, da tsofaffin sanarwa 84 ɗin nan.